Baba Lawali ya tambaya kafin ya taɓa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, yau ba ni da fara'ar gaishe ku. Da safen nan ina wanke-wanke Yaya Sabi'u ya shigo ko moto bai kashe ba, ya ce mani Baba Lawali mai gyaran tele ya rasu.

Baba Lawali na Sabon Gari. Wanda na sha ɗora maku hotonshi da tabarau ɗaure da zare.

Kuma tun ba a ɗauki gawa ba na ga wasu suna rubuta wai tsufa ne, wai ya manta bai cire piriz daga bango ba kuran, wato wutar lantarki, ya ja shi. Wallahi ƙarya kuke. Ku zauna ku ji.

Duk wanda ya tashi a kartiyenmu, nan unguwarmu, ya san akwatin wasan nan mai tsawon mutum da ke ƙofar shagonshi, wanda ake jefa ma kwabo a yi dambe da maɓalli. Ni mace ce, maza su ture ni, shi kuwa ya ɗaga turnabis ɗinshi na kwance ƙusa ya ce, "Kai, ku matsa, layin Balki ne." Da na bar lakol, na daina karatu, kowa faɗa yake mani. Shi kujera ya ba ni, ya ce in riƙa karanta mashi lambobin da ke jikin ƙananan kaya tunda idonshi ya rage. Portabul ɗina kuwa, wayata ta hannu, ban san sau nawa ya ci caji a shagon nan ba.

Shekarun baya wani mai hali ya saye akwatin ya kai Jiratawa, ya aje a rumfar da yake saida lemu da ƙanƙara. Ba zan kama sunanshi ba. Ya san kanshi.

Bara gilashin akwatin, wanda ke nuna hoto, ya mutu. Irin mai ƙaton ƙeyar nan ne na da, ga boda a rufe, kaya ba su shigowa. Wata da watanni Baba na cigiya har ya samo wani gidan wata tsohuwa a Tsibiri, ya rungumo shi bisa moto kamar jariri.

Ranar Alhamis na je caji na iske Baba yana goge gilashin da tsumma. Na ce, "Baba, wai mi ya hana ka sa gilashi mai faɗin nan na zamani ka huta?"

Ya ce, "Ke, wanga tsoho ne irina. In kin sa mashi ido na yara, ba zai gane kanshi ba."

Sai ya ɗauki alli ya zana mani a ƙasa. Ya ce kuran ɗinmu na bango ɗari biyu da ashirin ne, shi kuwa akwatin ɗari da goma yake ci, shi ya sa akwai transifo mai rage wuta. Bayan shi kuma akwai na biyu. Shi wannan ɗari da goma ke shiga, ɗari da goma ke fita.

Na yi dariya na ce, "To wannan ai zaman banza yake."

Ya ce, "Haka duk jahili ke cewa, ɗiyata. Sunanshi mai raba faɗa. Shi ke tsakanin wutar bango da ƙarfen gilashin. In babu shi, ƙarfen duk da ke jikin akwatin nan yana iya zama maciji."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ya ce in gaida innata, in daina tafiya ina latsa waya kar in faɗa rami.

Jiya bayan azahar Yaya Sabi'u ya kai shi Jiratawa, don shi ne ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar shi kullum. Abin da zan faɗa daga bakin Yaya na ji, a gabanshi aka yi.

Kafin Baba ya kwance ko ƙusa ɗaya ya dubi mai rumfar ya ce, "Alhaji, tun da na rufe akwatin ga, akwai wanda ya sa mashi hannu?"

Ya ce, "Babu."

Baba ya sake tambaya. Mai rumfar ya ce, "Haba Malam, wa zai taɓa? Babu."

Baba ya cire piriz da hannunshi. Ya sauke ragowar wutar da tsohon gilashin ke riƙewa, don ko a kashe yake yana harbi. Ya ɗora sabon, ya ɗaure. To daidaita kala sai da wuta ake yin shi, ba yadda za a yi. Ya ba Yaya madubi ya riƙe daga gaba don ya riƙa hango hoton daga baya. Aka kunna. Hoto ya fito tas, har mutanen rumfar suka yi tafi.

Ya dafa ƙarfen gefe zai miƙe.

Yaya ya ce ko ƙara bai yi ba. Shi Yaya ya yar da madubin ya fizge waya daga bango. Suka kawo shi gidan likita nan Maradi, da asuba Allah ya karɓi abinshi.

Da Yaya ya koma ɗauko jakar kayan aikinshi, ya ɗaga katakon da ke can ƙasan akwatin. Wurin mai raba faɗa wayam. An haɗe wayoyin an naɗe da leda. Ya tambaya, sai mai rumfar ya ce ai tun watannin baya wani mai haɗa wuta ya auna ya ga abin ba ya ƙara komi ba ya rage komi, suka cire suka ba masu sayen jan ƙarfe. Wai shi bai ɗauka wannan ma taɓawa ba ce.

Bai ɗauka ba!

Sau biyu fa aka tambaye ka, bawan Allah. Kalma ɗaya ce. "An taɓa." Da ka faɗe ta, da yanzu matarshi Inna Hajo ba ta zaune tsakar gida mata na riƙe da ita.

Kar wanda ya zo mani da "kwana ne ya ƙare" a ƙasan rubutun nan. Na sani. Ni ma musulma ce. Amma kwana ya ƙare daban, a yi ma dattijo ƙarya daban, a dawo kuma a ce shi ya yi sakaci.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Gilashin yana aiki. Yaya ya ce da ya baro rumfar an maida murfin baya, har ana cewa a bari a yi sadakar uku sai a kunna ma yara. Ƙofar da ake jefa kwabo ƙarfe ce. Yaran Jiratawa daga fadama suke fitowa, ƙafa jiƙe, ba takalmi.

Don Allah duk wanda ke Jiratawa, ko yake da ɗan'uwa can, kun san rumfar, ita kaɗai ke da irin akwatin nan. Ku je yau, ba gobe ba. Ku yanke wayar wutar akwatin gaba ɗaya. In ya yi maku gardama ku kai maganar ga mai gari. Ni ma da an dawo daga maƙabarta Yaya zai kai ni, da almakashin innata a jakata.

Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya haskaka kabarinshi, ya ba Inna Hajo da ɗiyanshi haƙuri. Ni kuma Allah ya sanyaya mani zuciya, don har yanzu ban iya cewa na yafe ba.

Ku sa shi a addu'a. Wanda ya taɓa gyara mashi ko rediyo ce, ya rubuta a ƙasa, zan karanta ma Inna Hajo. Wanda kuma ya riga ni isa rumfar, ya turo mani hoton wayar a yanke.