Akushin da Na Shanya a Kan Kwano

Bari in faɗi laifina tun kafin wani ya riga ni: ni ne na ɗauki ɗanyen akushi na ɗora a kan rufin kwano, da tsakar rana, a cikin bazarar Potiskum. Idan kai ɗan garin nan ne, na san ka riga ka dafe kai. Idan kuma baƙo ne, to ka sani cewa a irin wannan lokaci ko akuya ce ta tsallaka titi, kafin ta isa ɗaya gefen ta fara ƙamshin balangu. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma a ganina duk unguwarmu ta Dogo Nini babu mai dabarata.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, masassaƙi ne tun yana saurayi. A gidanmu duk 'yar da za ta yi aure sai ta tafi da akushin da aka yi a gida, baƙi wuluk, mai ƙyalli. Ba a saya a kasuwa. Gwaggonnina duka da nasu suka fita. Amma kafin a sa ranar auren Yayata, hannun Baba Tsoho ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi, rabi ne ke isa bakinsa, rabin kuma rigarsa ce ke sha. Matarsa, Kaka, ta ɓoye gizagonsa don kada wata rana ya sassaƙe yatsa.

Sai aikin ya koma hannun Baffa, ƙanen babanmu, wanda yake da shagon kafinta da injin da ke juya katako ana gurzar ƙafafun gado. Baba Tsoho ya ba shi gungumen itacen danya da iska ta kayar a gonarsa. Baffa ya ɗaura shi a inji, ya yini yana gurza, ya dawo da akushi fari tas, zagayensa kamar an auna da wata ɗan sha huɗu. Sai dai itacen da sauran ruwa a jikinsa. Aka cusa shi a buhun garin katako, aka ajiye a ɗakin zaure inda rana ba ta leƙawa, don ya bushe a hankali. Ni aka ɗora wa fito da shi kowace safiya, in juya shi, in mayar.

Wata guda ina wannan bauta. Saura kwana goma biki, Baba Tsoho ya ƙwanƙwasa akushin da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Da saura."

Da saura! Na ce a raina, wanki ma da ya fi wannan jiƙewa minti goma yake yi a kan igiya. Da gidan ya yi shiru bayan azahar, na taka garwa, na ɗora shi a kan kwano, na tafi ƙwallo ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Da na dawo na tarar akushi ya yi mini murmushi. Tsagi ne tun daga baki har kusan gindi, faɗinsa ya ci tsinken tsintsiya. A idona kuwa a ranar, tirelar shanu za ta iya bi ta ciki ta fita ba ta gogi gefe ba.

Mai hankali zai je ya faɗa. Ni kuwa sai na sayi cingam, na tauna har muƙamuƙina ya yi tsami, na cusa a tsagin, na barbaɗa garin katako, na mayar buhu. Kwana ɗaya asirina ya yi a rufe. Washegari tururuwa suka ji zaƙi, suka yi layi tun daga bakin rijiya har zaure. Kaka ta bi layin da tsintsiya a hannu, layin ya kai ta buhu.

Kaka idan ranta ya ɓaci Hausa ƙare mata take yi, sai ta koma Bolanci. Ranar har Bolancin ya ƙare, ta koma nuna ni da tsintsiya kawai. Duk wannan bai dame ni ba kamar Yaya. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauki akushin ta juya shi, ta ce, "Wato ni ce zan fara fita daga gidan nan babu nawa." Ta ajiye, ta shige ɗaki. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Baffa ya ce babu wani busasshen itace, ɗanye kuma ba zai bushe a kwana takwas ba. Ya ce ko dai a ɗura gam na shago, ko a sayo wani a kasuwa a yi shiru.

"Jikata ba za ta ci tuwo da gam ba," in ji Baba Tsoho. "Na kasuwa kuma ka saya wa 'yarka." Ya juyo gare ni. "Kai, ɓarawon matata, zo nan. Ni ina da ido babu hannu, kai kana da hannu babu kai. Zauna."

Haka muka zauna a inuwar zaure. Da farko ya sa na tone cingam ɗin nan kaf da tsinke, yana tambayata ko in an gama za a ba ni in ƙarasa taunawa. Sannan ya sa na gasa ƙusa a garwashi har ta yi ja, na huda ɗan rami daidai inda tsagin ya tsaya. Ya ce tsagi tafiya yake yi, in ba a tare masa gaba ba sai ya kai gindi. Daga guntun danyar da ya rage a shagon Baffa na fere ɗan siririn itace kamar harshen wuƙa. Sau bakwai ina ferewa yana cewa ya yi kauri. Na takwas ya shige, na buga shi a hankali da bayan cokali.

Sai ƙaro. Ya sa na jiƙa shi da ruwa kaɗan har ya yi kauri kamar zuma, na tankaɗe garin katakon danyar da tsohon gyalen Kaka, na kwaɓa. Da tsinke nake dannawa a gefen itacen da na cusa, ciki da waje. Na gama na miƙe ina karkaɗe wando, sai ya ce gobe ma haka. Ashe in ya bushe shanyewa yake yi, ya bar kwari. Kwana uku muna cikawa muna jira. Ni da ba na iya zaman minti biyar ko a aji, sai ga ni ina gadin akushi kamar mai jinya, ina korar ƙuda, ina harar rana in ta matso bakin ƙofa.

Na ce, "Baba Tsoho, ƙaro fa narkewa yake a ruwa. In aka zuba miya fa?"

Ya dube ni ya ce, "Ashe da ɗan abu a cikin kan nan. Jira wuta."

Rana ta biyar na kankare wurin da fasasshiyar kwalba, na bi da sanfefar Baffa har sai da Baba Tsoho ya rufe ido ya shafa bai gane inda tsagin yake ba. Rana ta shida aka hura gawayi, aka gasa wani faffaɗan ƙarfe da ya girmi babana. Da shi ake ƙona fatar akushi ta yi baƙi. Ba a tsayawa wuri ɗaya, in ka tsaya ka yi rami. Ya riƙe gwiwar hannuna da hannunsa mai rawa, muna tafiya tare, hayaƙi na shiga idona, hawaye na zuba, shi kuma yana shelanta wa gida cewa angon Kaka na kuka don za a kai Yayarsa. Tun itacen na da zafi na goga kakin zuma a kan gyaran, ya narke ya shige, na sake, na sake. Daga nan sai man kaɗanya da tsumma. Na murza akushin nan har na fara ganin haƙorana a ciki, har na ji kafaɗata na neman sallama da jikina.

Ana gobe za a kai kayan ɗaki, Kaka ta ce ba ta yarda da aikin tsoho da mahaukaci ba sai ta gwada. Gida cike da mata 'yan biki. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ta ɗora akushin, ta cika shi da ruwan zafi yana tururi. Ni numfashi ma na ajiye shi gefe sai an gama. Aka jira har ruwan ya huce. Kaka ta ɗaga akushin, ta shafa ƙyallen, ta sake shafawa, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ko ɗigo babu.

Guɗar da aka rangaɗa, ina jin sai da shanun kasuwa suka ɗaga kai. Na zagaya tsakar gida sau uku a guje. Yaya ta kama kunnena ta murɗa, tana dariya, idonta da ƙwalla. Baffa ya juya akushin ya rasa tsagin, sai da na nuna masa da kaina, don kada aikina ya tafi a banza. Baba Tsoho kuwa cewa ya yi, "Ba laifi." A bakinsa wannan kalma ta fi kujerar Makka.

Shekara huɗu ke nan. Yanzu 'yan matan unguwarmu kuloli masu murfi suke so, kuma ƙanwata ta riga ta ce ita kada a wahalar da kowa. Na ce mata ba ita ake tambaya ba. Baba Tsoho ya daina fitowa zaure sosai, amma in an kawo fasasshen akushi ko turmi daga maƙwabta, ni yake sa a kira.

Akushin yana garin Fika, inda aka kai Yaya. Sati ɗaya da tarewarta ta zuba wa surukinta tuwo a ciki, tsohon ya cinye, ya juya akushin ya duba, ya ce daga yau a nan za a riƙa zuba masa. Har yau a ciki yake cin abinci, bai taɓa yoyo ba, kuma Yaya ba ta taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsa ba.