Keken Yaya Ba Na Sayarwa Ba Ne

Yayata tela ce tun ban san kaina ba. Ni aka kai makaranta, ita aka bar wa keken ɗinkin mahaifiyarmu. Da ƙyalle take awo: ta zagaya ƙirjin mutum ta ƙulla, ta zagaya ƙugu ta ƙulla. Da ƙullin nan ta ciyar da gida, ta ɗauki nauyin karatun babban ɗanta har yau ake ce masa Injiniya.

Sai mutane suka daina kawo jikinsu, suka koma turo lambobi ta waya. Yaya ta sayi tef, ta haddace kamannin lambobi, ta zaci an gama. Ba wanda ya gaya mata tef fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita.

Matar Injiniya ta kawo yadin shugabarta ta wajen aiki, da awo: ƙirji sittin. Santimita ake nufi, rigar 'yar ƙaramar yarinya ce, amma ba a faɗa ba. Yaya ta duba fuskar inci ta ce, "Tubarkalla, wannan baiwar Allah akwai jiki!" Ta cinye yadin kaf. Da rigar ta fito, ni da maƙwabciyarmu muka shige ciki tare, da sauran wuri.

An yi dariya, ni ma na yi. Abin da ya biyo baya ne ya ƙona min rai. Injiniya ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Inna, kin kunyata mu. Ki huta haka nan. Na sami mai sayen keken, ƙarshen wata zai zo."

Keken da ya saya masa littafi! Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ta dafa ni. Da ya fita ta ce, "Auta, ina ake koya wa tsofaffi lissafi? An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi."

Na raka ta ajin manya, a makarantar yara bayan an tashi. Benci ɗan ƙarami, gwiwa har ƙirji. Ga mai gyaran takalmi, ga wata mai wankau, suna bin malama, "Biyu sau biyu, huɗu!" Yaya ta saurara kaɗan, ta ɗaga hannu.

"Malama, ni fa ba waƙa na zo ba." Ta shimfiɗa tef a kan tebur. "Wannan munafukin za ki koya min."

Allah ya yi wa malamar nan albarka, ba ta ji haushi ba. Ta manna tef ɗin a allo. Tarawa, a tura yatsa gaba. Ragewa, a dawo baya. Rabawa, a ninke shi biyu, a sake ninkewa, a duba inda ya tsaya.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Kan Yaya ya yi tauri. In ta riƙe tef a juye, shida ta zama tara. Mai gyaran takalmi yana tsokanarta, "Hajiya, yau ma rigar giwa za a yanka?" Ta ce, "Ta matarka ce, kawo awon." Ranar da rabawa ta gagare ta, ta yi jifa da fensir, ta tashi da kanta ta tsinto.

Ƙarshen wata Injiniya ya iso da mai saye. Suka tarar ta farke ƙatuwar rigar, ta fitar da ta yarinya daidai awo, tana ɗinke hannu na biyu.

"Zo nan," ta ce wa ɗanta. Ta zagaya tumbinsa da tef. "Arba'in da huɗu, fuskar inci. In aka raba huɗu..." Ta daɗe, leɓenta na motsi. "Sha ɗaya. Ciki dai ya ƙaru, hankali ne ban gani ba."

Mai saye ya tuntsire da dariya, ya ce, "Baba, ni ma a auna ni?"

Ta ce, "Kawo yadi, ka bi layi. Kai kuma Injiniya, matsa, ka tare min haske."

Ta ɗora ƙafa a kan keke.