Hannun da Kaka Ta Kama

Takardun da ke rataye a ofishina sun ce a makaranta na koyi rubutun fim, amma ni na san a gindin murhun banda na koye shi. A ƙauyenmu na bakin ruwa, can ƙasar Ngaski, da an sallame magariba Kaka Dije za ta zauna juya kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Ni ce mai bakin tsiya a cikinmu. Nakan ce mata tsohuwa mai ƙarnin tarwaɗa, ita kuma ta ce in na ƙara, ni da kan kifi sai dai kallo.

Duk tatsuniyar da ta yi, takan rufe ta yadda kowa ke rufewa, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, mu watse muna dariya. Guda ɗaya ce kawai ba ta rufewa.

Labarin wata mata ne da ta shiga jirgi za ta kai kifi kasuwar Yelwa. Tana tare da 'yarta mai shekara uku, da 'yar maƙwabciyarta, sa'ar tata, wadda aka ba ta amana saboda uwar tana kwance ba lafiya. A tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgi ya kife. Matar ta iya ruwa, amma da hannu ɗaya za ta yi iyo, ɗayan kuwa yarinya ɗaya zai iya riƙewa.

"Sai tak kama ɗiyar amana," in ji Kaka. "Tata ko, ruwa yat tafi da ita."

"Don mi, Kaka?"

"Tata, tsakaninta da Allah na. Ta mutane fa, mi za ta ce ma uwatta?"

Uwar yarinyar ba ta tashi daga ciwon ba, matar ta raine ta kamar ita ta haife ta. A nan Kaka takan tsaya, ta ce a miƙo mata itace. Na sha tsokanarta cewa tsufa ya sa ta manta ƙarshen. Inna kuwa, mahaifiyata, duk ranar da aka ɗauko wannan labari takan bar aikinta ta zo ta taya Kaka juya kifi.

Na girma, na tafi birni, na yi shekaru ina rubuta wa wasu wasannin talbijin, sunana yana wucewa a ƙarshe lokacin da kowa ya tashi. Da na kai ga shirya nawa na kaina, Kaka ta riga ta rasu, sai na ɗauko labarin matar jirgi na mai da shi shiri mai dogon zango. Amma a ganina ya yi salin-alin da yawa. Aiki ya koya mini cewa mai kallo yana son abin da zai girgiza shi. Don haka a fitowa ta ƙarshe na kwantar da matar a gadon mutuwa, na sa ta ce ruwan ranar ja ne, ba ta ga komai ba, ta ɗauka 'yarta ta kama, sai a bakin gaɓa ta ga fuskar. Darakta ya ce bai taɓa karanta irinsa ba. Wannan fitowar ce ta ciyo mini lambar yabo.

Na ɗauko lambar na kawo wa Inna a Yelwa, inda take zaune yanzu. Na iske ta da hantsi tana tsince shinkafa. Ko kallon abin ba ta yi ba.

"Mun ga shirin naki," ta ce. "Unguwa duka sun gani." Ta ture shinkafar gefe ta dube ni. "Ita tag gaya maki kuskure tay yi?"

"Wa, Inna?"

"Inna Dije mana. Ai ni ta ɗiyar da tak kama."

Na zauna a ƙasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ashe duk tsofaffin bakin ruwa sun sani, mu yara ne kawai ba a gaya mana ba. Har wata ta tare Inna a kasuwa ta ce, ashe dai ba zaɓenta aka yi ba.

Na rantse mata ni na ƙirƙira, Kaka ba ta taɓa faɗin haka ba.

"Na ji," ta ce. "Amma ruwan lokacin nan ja na, yadda kinka nuna. Tun ina ƙarama ban taɓa tunanin hakanan ba. Yanzu wa zan tambaya?"

Sai daga baya na gane abin da ya hana Kaka kiran Gizo a wannan labari: ba ƙarya a cikinsa da za a ɗora wa kowa. Ni da nake cin abinci da labari, na ji shi sau da yawa ban lura ba. Na zo da tawa ƙaryar na liƙa masa, aka tafa mini.

Inna ba ta yi fushi da ni ba, kullum tana sa mini albarka, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. A da ita ke ba 'ya'yana labarin matar jirgi duk hutun da muka je. A hutun bana sun roƙe ta, ta ce ta manta ƙarshensa.