Kawu Matalo da Tekun da ke Zuwa Yawo

Duk ɗan Korgom ya san Kawu Isa da rigar ruwa mai launin ɗorawa. Rana na dukan kai, shekara biyu ba damina ta kirki, amma sai ya rataya ta a kafaɗa kafin ya fita kasuwa. In an yi masa dariya, cewa yake a garinsu ba a amincewa da sama. Garinsu kuwa ba Korgom yake nufi ba. Duwarnane yake nufi, wani garin masunta a bakin teku can Faransa, inda ya yi shekara huɗu yana aikin jirgin kamun kifi. Shi ya sa muke ce masa Matalo, wato ma'aikacin jirgin ruwa da Faransanci. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, ni ke kai masa tuwo tun rasuwar matarsa.

Yakan ce yankin sunansa Biretanyi, kuma tsofaffinsu na da harshen da Bafaranshen Pari ba ya ji. Ruwa ake yi musu kullum, siriri, har rana ta zama baƙuwa. Man shanunsu da gishiri. Wata Bafulatana da ta ga ya barbaɗa gishiri a man da ta sayar masa, wata guda ba ta gaishe shi ba.

Abin da ba a taɓa yarda da shi ba shi ne batun teku. Wai sau biyu a yini ruwan ke janyewa, jirage su kwanta cikin laka kamar jakuna, mata su bi da kwanduna suna tsintar ƙumba, sannan ya komo. Da tabkinmu ya ƙafe, liman ya tambaye shi ko shi ma yawon ya tafi.

Kawu ya ce, "Zai dawo, Malam. Namu dai ƙauye ne, hanyarsa da nisa."

Shekarar da yunwa ta tsananta, soji suka zo da kamyo, babbar motar kaya, cike da taimako: jar dawa da gwangwanin kifi. Aka ɗauki dawa, aka bar kifin, don an baza cewa naman maciji ne. Yara kuwa duk sun rame. Kawu ya matso, ya juya gwangwani, ya karanta, ya ga sunan Duwarnane. Sai ya buɗe, ya ci gaban jama'a.

"Sardin ne. Na san matan da ke jera shi. Faɗa gare su, amma hannunsu da tsabta."

Sarjan, babban sojin, ya tambaye shi ko ya yi daɗi. Kawu ya ce kan kifi uku ya karkace, a zamaninsa da an kori mai jerin. Ran nan kowane gida ya ci kifi, Kawu kuma nasa rabon maƙwabta ya miƙa wa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya ce in jiƙa masa gishiri a ƙwarya. Bai sha ba. Ya shinshina kawai, ya lumshe ido, ya ce saura kaɗan ya yi daidai da ƙamshin teku.

Allah ya jiƙan Kawu Isa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya huta.