Hular Kwanon da Koci Pettway Ya Ɓoye

Kullum kafin rana ta fito, Odell Pettway yana bakin filin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka na jami'armu a Mississippi, usur a wuya, yana duban fuskokin yara. Wanda ya gudu daga aji ya sani, wanda bai karya ba ya sani. Babu ɗayansu da Koci bai zauna a falon uwarsa ba, ya ci soyayyen kifinta, ya yi mata alkawarin dawo mata da ɗanta lafiya. Idan yaro ya bugu a ka, sai ya karɓe hular kwanonsa ya ɓoye, don ba a shiga fili babu ita. Yaro ya ce "To, Koci," ya zauna.

Wata ƙungiyar ƙwararru ta taɓa ɗaukarsa mataimakin koci. Can babu yara, magidanta ne masu wakilai da lauyoyi, ba a kai ƙararsu wurin uwa.

A wasan ƙarshen kaka, Jarvis Tolliver, ɗan baya wanda kwantiraginsa ke ƙarewa, ya yi karo, kansa ya bugu, ya fito yana tangaɗi. Ya san in bai koma ba, wani zai gaje gurbinsa. Ya sha ruwa, ya waiga, babu hula.

"Tsoho, ina hulata?"

"Zauna, ɗana."

"Wane ɗanka? Nan ba makaranta ba ce! 'Ya'ya biyu nake ciyarwa."

"To, faɗa mini sunayensu."

Jarvis ya faɗi ɗaya. Ya tsaya, baki buɗe.

Koci ya zauna a kan akwatin ƙanƙarar da ya jefa hular ciki. Babban koci ya yi ihu har muryarsa ta dushe, amma Pettway bai motsa ba sai da aka tashi wasa.

Aka ci su. Aka sallami Jarvis, aka kori Koci, wai bai san bambancin yaro da babba ba. Ku ji fa! Kai ne ba ka sani ba, Koci? Ka san babba ba ya jin tsawa, shi ya sa ba ka yi masa ba, ka hau akwati ka zauna, ka sadaukar da aikinka gaba ɗaya. Su da suka ga mutum yana tangaɗi suka kau da kai, har yau ana gayyatarsu talabijin.

Ya dawo wurin yaransa na jami'a. Bana ya yi ritaya. Jami'a ta sa wa sabon ɗakin atisaye sunan wani dillalin motoci, shi kuwa aka ba shi riga, ita ma ta yi masa kaɗan.

Tsofaffin ɗalibansa ne suka gasa nama a harabar coci. Can sai ga Jarvis, wanda tun ranar bai sake yi masa magana ba, 'yan mata biyu a bayansa.

"Tsoho, kai ka kashe mini wasa."

"Ni ne."

"Har yanzu ban yafe ba." Ya dafa kafaɗunsu. "Wannan Shanice. Wannan kuma Latoya, ita ce sunanta ya ɓace mini a ranar. Ku gaida shi."

Mun gode, mazaunin akwati. Ku kuma masu usur a wuya, a jami'a kuke ko wurin ƙwararru, in kun ga ɗan mutane yana tangaɗi, ku tambaye shi sunan 'yarsa kafin ku miƙa masa hula.