Dubu saba'in tsakanin mutum shida

Da mahaifiyata ta rasu a ƙauyenmu kusa da Birnin Lalle, na yi niyyar a yi mata hailala dubu saba'in ranar sadakar bakwai, kamar yadda ake yi wa wanda aka ƙaunata. Muna ƙirgawa da 'ya'yan tsamiya, dubu a ƙwarya. Mutum ya juye ƙwarya ɗaya, ya yi dubu ke nan.

Na daɗe ina raba gishiri tsakanin abokan fatauci, don haka na san halin wannan adadi. Yana rabuwa biyu, huɗu, biyar, bakwai, takwas, goma, sha huɗu, ba saura. Uku kuwa, da shida da tara, ba ya yarda da su. Shi ya sa na kira mutum bakwai daga dangi, kowa ƙwarya goma.

Da safe aka ce na bakwai ya bi sawun raƙuminsa da ya ɓata wajen Tagriss. Saura shida. Kowa ya juye sha ɗaya, ƙwarya huɗu suka rage a kan tabarma. A lokacin nan ne ƙamshin ragon sadaka ya taso daga bayan danga.

Kawuna, ƙanen mamaciyar, wanda ta goya a bayanta, ya share baki ya ce, "Ɗana, ai mun yi. Dubu sittin da shida ba wasa ba ne."

Na ce, "Kawu, saba'in aka ce."

"Kai da kake sayar da gishiri a Kornaka, ba ka taɓa yi wa mutum ragi ba? To Allah ya fi ka sauƙi."

Wani ɗan baffana ya ce in za a ƙara, a ƙara wa kowa daidai, shi ba zai juye sha biyu wani na cin hanta da sha ɗaya ba. Suka yi ta gardamar yadda za a raba huɗu gida shida. Da sun yi shiru sun ja tsamiyar, da tuni an gama. Na dubi bakunansu, duk sun jiƙe da yawu tun nama bai iso ba.

Na tattara ƙwaryoyin na nufi cikin gida, ina shirin in yi su ni kaɗai. Tsofaffi huɗu, ƙawayen mahaifiyata, suna zaune suna dama fura. Babbarsu ta ce, "Mun ji komai ta danga. Miƙo nan, ɗan nan." Kowace ta ɗauki ɗaya.

Kafin la'asar an cika saba'in. Ragon kuwa na raba shi da hannuna. Cinyoyi da hanta suka shiga cikin gida. Kawu ya samu wuya, ya kuma cinye.