Hular da Na Auna da Lemo

Na yi saƙa a rayuwata fiye da yadda zan iya tunawa. Suwaita, safa, hular sanyi, mayafin jarirai, duk sun bi ta hannuna, kuma yawancinsu yau ko an nuna mini ba zan gane su ba. Amma akwai wata 'yar hula da na saƙa a Kafanchan, a shekarun da aka kawo sabon kuɗi, ana ce mana naira mu kuma bakinmu na cewa fam, wadda ba zan manta da ita ba har ranar da Ubangiji zai kira ni.

A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, maigidana kuma yana aiki a reluwe, wajen gyaran kan jirgi. Saƙa na koye ta tun ina yarinya, da tsinken tsintsiya da guntayen zare. Ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. A Zumuntar Mata ni ce mai koya wa mata saƙa duk ranar Alhamis bayan addu'a, mu zauna a kan bencin majami'a, kowacce da dunƙulen ulunta a cinya. Muna da wani ɗan littafin saƙa da wata baturiyar mishan ta bar mana, ya sha hannu har bangonsa ya fita. Shi muke bi. In ya ce a jera zobban zare kaza a kan tsinke, kaza ɗin za mu jera, ba ƙari ba ragi.

Ƙanin maigidana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kwoi. Da matarsa ta sami cikin fari, sai ya kawo ta wurinmu don ta riƙa zuwa awo, tun da mu ke kusa da asibiti. Yarinya ce mai kunya, ga son aiki, in na hana ta daka sai ta koma shara. Ni kuwa murna ta ishe ni. Na buɗe littafin nan, na zaɓi mafi ƙanƙantar kayan jariri da ke ciki, na saƙa riga da hula da safa, na ninke na ajiye a akwati.

Cikin na wata bakwai naƙuda ta zo, ana tsakiyar marka. Wanda ya san Kafanchan a watan Agusta ya san abin da nake nufi: ruwa ba ya tsayawa, dutsen Kagoro ya ɓace cikin gajimare, in ka shanya zane sai ya yi wari bai bushe ba. Muka kai ta wani ƙaramin asibitin haihuwa, ta haifi tagwaye, namiji da mace. Namijin bai wuce washegari ba. Aka bar mu da macen.

Ban taɓa ganin ɗan adam ƙarami haka ba. Hannunta bai fi babban yatsana kauri ba, fatarta kamar ka hango abin da ke ciki. Kukanta ma sai ka kasa kunne. Sistar da ke kula da su, wata doguwar mata mai faɗa amma mai tausayi, ta ja ni gefe.

“Malama, zan gaya miki gaskiya,” ta ce. “Kwalbar da ake sa bakwaini tana Jos, kuma wannan yarinya ba za ta kai Jos a ruwan nan ba. Nono za mu riƙa ɗiga mata da cokali. Abin da nake tsoro shi ne sanyi. Muna naɗe ta da auduga da zane, amma da ta motsa sai kai ya fito, ƙirji ya buɗe.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na ruga gida na kwaso kayan da na saƙa. Da aka sa mata hular sai ta rufe fuskar gaba ɗaya har haɓa. Rigar kuwa, da an so, da su biyu sun shiga har da sauran wuri. Na koma gida na juya littafin nan gaba da baya. Babu komai. Wanda ya rubuta shi bai yi tunanin jariri irin namu ba.

A ranar ce surukata ta iso daga ƙauye, bayan an binne namijin. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali, ba ta yawan magana, Hausarta kuma irin ta mutanenmu ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta same ni a baranda da ulu da tsinke, ta tsaya tana kallona.

“Me kina yi?”

“Kayan jaririya, Mama.”

“Bari shi. Wannan yarinya bai ce zai zauna ba tukuna. Ɗan'uwansa ya koma. Kada ki ɓata zare.”

Ni kuwa a zuciyata na riga na yanke shawara. In littafi ba shi da awon yarinyarmu, ni zan yi mata nata.

Da safe na koma asibiti, na roƙi sista ta bar ni in taɓa kan jaririyar. Ta sa na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan na tallafi kan a tafina a hankali. Da na fito ban buɗe hannun ba, ban kuma rufe shi ba. Haka na riƙe shi a lanƙwashe, laima a ɗaya hannun, har kasuwa. Na tsaya gaban wata mai lemo ina ɗauka ina gwadawa a tafina ina ajiyewa.

“Malama, lafiya? Duk masu zaƙi ne fa.”

“Ba zaƙi nake nema ba, Maman yara. Kai nake nema.”

Ta dube ni kamar na zautu. Na sami wanda ya zauna daidai a hannuna, na saya guda ɗaya tak, na tafi na bar ta tana dariya.

Sai matsalar tsinke. Tsinkayen da nake da su masu kauri ne, saƙarsu tana fita da manyan ramuka, iska za ta shiga. Na gaya wa maigidana. Ya tafi aiki, da rana sai ga shi da siraran ƙarafan nan na cikin ƙafar keke, ya yanke su daidai, ya goge bakinsu sun yi santsi. Na raba zaren ulun gida biyu don ya yi siriri, na fara. In na yi 'yan layuka sai in gwada a kan lemon, in ya yi yawa in warware in rage zobban. Na yi ta yi har hular ta zauna a kan lemon cif, kuma na saƙa ta a zagaye, babu ɗinki a ciki da zai danne mata kai.

Na kai asibiti ina ji da kaina. Ta shiga daidai. Amma kashegari da na zo sai na tarar an cire, ga jan layi a goshin yarinyar. Ulun kasuwa ne, yana da kaushi, mu manya ba ma ji, amma fatarta ba ta ɗauka ba.

“Awon ya yi,” in ji sista. “Zaren ne bai yi ba. Ki nemo mai laushi, kuma ki yi sauri, jikinta ya yi sanyi da asuba.”

Ulu mai laushi a garin nan kaf, wanda na sani, ɗaya ne, kuma yana cikin akwatina. Wata suwaita ce shuɗiya da na saƙa wa kaina da ulun da yayana ya kawo mini daga Jos. Ita nake sawa in za mu yi waƙa a gaban jama'a, mata su yi ta taɓawa suna tambaya. Na ɗauko ta, na nemi bakin zaren, na ja. Ba zan ce ban ji komai ba, amma na ci gaba da ja.

Ina cikin warwarewa surukata ta fito. Ta ga suwaitar ta koma rabi, zare ya taru a ƙasa yana murɗewa. Ta zauna a kan turmi kusa da ni. Wannan karon da yarenmu ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce kafin ta haifi maigidana ta binne 'ya'ya, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma kowanne sai da ta shirya masa komai. Ta ce babu abin da ya fi ciwo kamar ninke kayan da mai su ya tafi. “Ba ƙin ta nake yi ba,” ta ce. “Tsoron son ta nake ji.”

Na ajiye zaren. Na ce, “Mama, ni ban san ko za ta zauna ba. Wannan na Ubangiji ne. Amma ko kwana ɗaya ta zo yi a wurinmu, ba za ta yi shi cikin sanyi ba.”

Can sai ta miƙo hannayenta biyu, ta ware su a gabana. Na fara naɗa zaren a kansu.

Muka wanke ulun da ruwan ɗumi, muka shanya kusa da murhu. Na sake hular, na yi 'yar riga mai buɗewa ta gaba, babu maɓalli, sai igiyar zare da ake ɗaurawa a gefe. Wannan karon fatar ba ta yi ja ba. Sai dai jariri ba ya zama da riga ɗaya, balle a marka da wanki ba ya bushewa. Ranar Alhamis na je Zumunta da lemona da ƙarafan keke, na ce yau littafi zai huta. Na raba musu ulun suwaitata, na faɗa musu awon da baki, na zaga ina duba hannun kowa. Wata dattijuwa ta ce ita idonta ba zai ga wannan siririn zare ba, amma za ta riƙa kai wa maijego kunun acca kullum, kuma ta cika alkawari. Maigidana ya sake kawo ƙarafa, har abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ya bar jirgi ya koma gyaran keke.

Surukata kuwa ta koma asibitin da zama. Uwar yarinyar ba ta da ƙarfi, ga baƙin cikin ɗan da ta rasa. Tsohuwar nan sai ta kwance zanenta, ta kwantar da jaririyar a ƙirjinta da 'yar hularta, ta ɗaure, ta zauna kamar dutse. Sista ta gani, ta taɓa ƙafar yarinyar ta ji ɗumi, ta ce a bar su haka.

Ba a rana ɗaya aka ci nasara ba. Akwai ranar da jaririyar ta ƙi karɓar nono sam, muka tsaya a bakin ƙofa muna addu'a. Akwai ranar da ta yi rawaya har idanu. Ni dai ban daina saƙa ba, don na lura in hannuna yana aiki zuciyata ba ta samun wurin tsoro.

Wata safiya, ruwa ya fara ja baya, na biya asibiti kafin in wuce makaranta. Sista ta tare ni a ƙofa fuska a ɗaure, hular a hannunta.

“Malama, wannan aiki naki bai yi ba.”

“Me ya faru, Sista?”

“Hular ta yi kaɗan. Ta ƙi shiga.”

Na tsaya ina kallonta, sai na ga bakinta yana motsi, dariya na neman kuɓuce mata. Na saki jakata a ƙasa. Daga cikin ɗakin na ji muryar surukata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta fara waƙar yabo da yarenmu. Ranar na makara zuwa aji, kuma ban damu ba.

Yarinyar ta rayu. Aka sallame su, aka kai ta majami'a, fasto ya ɗaga ta sama jama'a suka yi ta guɗa. Yau ita ma tana da jikoki, kuma mace ce ƙatuwa, in ta rungume ni sai in ɓace. Matan Zumuntarmu sun ci gaba da saƙa irin waɗannan ƙananan kaya suna kaiwa asibitin shekara da shekaru, saboda ashe bakwaini suna da yawa, mu ne ba mu sani ba. Wasu daga cikin jariran sun rayu, wasu ba su rayu ba. Babu wanda muka tambaya ko zai zauna tukuna kafin mu saƙa masa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk yarinyar da ta zo koyon saƙa wurina. In mutum yana gabanki cikin bukata, kuma hannunki ya iya wani abu, kada ki jira sai an tabbatar miki wahalarki ba za ta tafi a banza ba. Wannan tabbacin ba ya zuwa da wuri, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ki yi abin da kika iya yau, da mafi kyawun abin da kike da shi. Zama ko tafiya ba a hannunmu suke ba, amma ɗumin da mutum zai samu muddin yana tare da mu, wannan namu ne.